Wane ne ke yanke hukunci a kan inshorar sitona daga Duwala?

Tambaya: Ni ɗan kasuwa ne a Garwa, a arewacin Kamaru, ina sayar da shinkafa da sukari da man girki da sabulu a sari. Banki ya ce ba zai ba ni bashi ba sai na yi wa sitona inshorar gobara. Da na je wurin wakilin kamfanin inshora, sai ya ce ba shi ke yanke kuɗi ba, sai wani ma'aikaci da suke kira souscripteur a Duwala ya duba takarduna. Aka aiko mutum ya zagaya siton, ya yi ta tambayoyi, daga ƙarshe aka yanka mini kuɗin da ya fi ninkin na maƙwabcina, aka ce in fitar da jarkokin fetur, aka kuma ƙi sanya ambaliya a cikin yarjejeniyar. Wane ne wannan mutumin, mene ne aikinsa, kuma ba wata dabarar cin kuɗin mutane ba ce?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya tsare dukiya. Aikin da kake tambaya a kansa shi ne na shafe shekaru ina yi, na zauna a kan teburin da ake karɓa ko a ƙi irin takardunka, na kuma shiga sitoci da shaguna masu yawa tsakanin Ngaundere da Kusseri da littafi a hannu, saboda haka zan ba ka amsa a tsanake. Ba zan ce maka duk abin da kamfanonin inshora ke yi daidai ne ba, domin akwai inda suke da laifi kuma zan faɗe shi, amma abubuwa ukun da suka ɓata maka rai, wato tsadar kuɗi da maganar fetur da ƙin ɗaukar ambaliya, kowanne yana da dalilin da za a iya zayyana shi da lissafi.

Mutanen da za ka yi hulɗa da su a harkar inshora, ko asurans kamar yadda muka saba cewa a nan, kashi huɗu ne, kuma jama'a sukan cakuɗa su. Wakili yana sayar da hajar kamfani ɗaya ne. Dillali yana tsaya maka ne, ya zagaya kamfanoni ya nemo maka wanda ya fi dacewa. Mai ƙiyasta ɓarna ba ya zuwa sai bayan wuta ta ci, ya auna abin da ya salwanta. Na huɗun shi ne wanda kake tambaya, mai tantance haɗari, kuma shi aikinsa yana zuwa kafin komai: shi ke cewa kamfani zai ɗauki nauyin wannan dukiya ko ba zai ɗauka ba, in zai ɗauka a kan nawa, da waɗanne sharuɗɗa, kuma har zuwa wane adadi. Sunan aikin ya samo asali ne daga birnin Landan, inda tun wajen 1688 masu jiragen ruwa da attajirai ke taruwa a shagon shan gahawa na wani mutum mai suna Edward Lloyd. Akan rubuta bayanin jirgi da kayan da ya ɗauko a takarda, duk attajirin da ya yarda ya ɗauki wani kaso na asarar in jirgin ya nutse sai ya rubuta sunansa a ƙasan bayanin tare da kason da ya ɗauka. Ma'anar kalmar ke nan a Turanci, underwriter, da Faransanci, souscripteur, wato mai rubutu a ƙasa. Ka lura da wani abu guda kada ya rikita ka: a jikin takardar yarjejeniyarka za ka ga an rubuta souscripteur a gaban sunanka, domin a Faransanci kalmar tana nufin wanda ya sa hannu ya sayi inshorar, tana kuma nufin ma'aikacin kamfani da ya amince da ita.

Don a gane dalilin da ya sa wannan ma'aikaci yake da tsanani, sai an fara gane cewa kuɗin da za a biya ka ranar da wuta ta tashi ba daga aljihun masu kamfani zai fito ba, daga asusun da kai da sauran masu inshora kuka tara zai fito. Bari in buga misali da alƙaluman da na zaɓa don sauƙin lissafi kawai. A ce kayan sitonka sun kai sefa miliyan 40, aka yanka maka 2 cikin 1000, ka ga za ka biya sefa 80,000 a shekara. In siton ya ƙone ƙurmus, sai an haɗa kuɗin mutum 500 irinka kafin a biya ka kai kaɗai, kuma ba a cire albashin ma'aikata da ladan dillali da haraji ba tukuna. To in a cikin mutum 500 ɗin nan aka bar 50 suna ajiye fetur a gefen buhunan sukari, suna kuma biyan kuɗi daidai da wanda ya tsare sitonsa, gobara ba za ta tsaya a ɗaya ba a shekara, asusun zai ƙare, kuma wanda zai rasa diyya shi ne mutumin kirkin da bai yi sakaci ba. Mai tantance haɗari shi ne mai gadin ƙofar wannan asusu, kuma amanar da ke wuyansa ta mutanen da ke ciki ce, waɗanda kai ma daga ranar da ka sa hannu ka zama ɗaya daga cikinsu.

Abin da yake dubawa a dukiya irin taka bai wuce fuska huɗu ba, ko da yake kowace fuska tana da rassa. Yana duba ginin kansa: bulon siminti ne ko tubalin laka, rufin kwano ne a kan ƙarfe ko a kan katako, akwai silin na kwali ko babu, katangar da ta raba ka da maƙwabci ta kai har rufi ko ta tsaya a rabi. Wannan na ƙarshen mutane ba sa kula da shi, alhali a kasuwanninmu ta nan wuta ta fi bi, ta sama, a ƙarƙashin rufin da ya haɗa shago goma a jere. Yana duba abin da ake ajiyewa da abin da ake aikatawa a ciki, domin siton siminti da siton auduga ba ɗaya ba ne ko da gininsu iri ɗaya ne, kuma duk wanda ya zauna a Garwa, garin da hedkwatar kamfanin auduga na SODECOTON take, ya san yadda auduga ke riƙe wuta a cikinta tana ci a ɓoye. Kayanka kai ma ba masu sauƙi ba ne: man girki in ya yi zafi jarkokinsa suka narke malala yake yi yana ɗauke da wutar zuwa inda ba ta kai ba, sukari yana ci, kwalayen sabulu kuwa makamashi ne. Sai ya duba kariya, wato tukwanen kashe gobara da ranar da aka yi musu duba na ƙarshe, da ruwa, da maigadi, da nisan 'yan kwana-kwana, da kuma ko motarsu za ta iya shiga lungun. Daga nan sai ya ɗaga kai ya dubi maƙwabta: mai walda ne a bayanka, ko mai injin niƙa, ko mai tuya, ko fili ne kawai.

Na tuna wani sito da na shiga a tsakiyar hunturu, a wani gari na arewa mai nisa. Mai shi dattijo ne mai mutunci, ya tarbe ni da shayi, ya ce sitonsa shekara da shekaru ko hayaƙi bai taɓa tashi a ciki ba, kuma na yarda gaskiya ya faɗa. Da muka shiga, buhunan sun hau har sun kusa taɓa kwano, ƙwan lantarki yana lilo tsakaninsa da buhun sama bai fi taki ɗaya ba, wayar da ta kawo wutar an haɗa ta a wuri uku an naɗe da leda. Tukunyar kashe gobara tana nan, ja wur, amma sai da yara biyu suka janye buhu shida kafin muka kai gare ta, kuma allurarta ta faɗi tuntuni. A bayan ƙofa akwai jarkoki huɗu na zuwa-zuwa, wato fetur ɗin bumburutu, da ake zuba wa janareto, taku kaɗan daga nan kuma kaskon maigadi ne da toka mai ɗumi a ciki, domin dare akwai sanyi. Ba wanda ya yi wannan da mugun nufi, kowane abu an ajiye shi ne inda ya fi sauƙi. Na rubuta masa gyare-gyare a takarda guda, kuma kuɗin da ya kashe wajen yin su bai kai abin da aka rage masa a shekarar farko ba.

Wannan ya kawo mu ga fetur ɗinka. Mutane suna tsammanin ruwan fetur ne ke kama wuta, alhali tururinsa ne, kuma tururin ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa ya taru a kusurwa. A zafin Maris da Afrilu na Garwa, lokacin da ma'aunin zafi ke haura 40 a inuwa, jarkar roba a cikin rufaffen sito tana fitar da wannan tururi dare da rana, kuma tartsatsi ɗaya daga makunnin lantarki ya ishe shi. Da mai tantance haɗari ya ce ka fitar da jarkokin, bai ƙi ka ba ne, ya nuna maka hanyar da zai iya karɓarka. Ka gina musu ɗan ɗaki mai iska can nesa da siton, ka ɗauki hoto, ka aika ta hannun wakilin, ka nemi a sake duba kuɗinka. Amma ka sani, in aka rubuta wannan sharaɗi a yarjejeniya, ka sa hannu, sannan ka mayar da jarkokin bayan mai duba ya tafi, ka ba kamfani hujjar da zai tsaya a kanta ranar biya.

Game da maƙwabcinka kuwa, kafin ka ce an cuce ka, ka nemi ya nuna maka takardarsa ku karanta tare. Sau da yawa za ka tarar abin da ya saya ba shi ne ka saya ba. Mai yiwuwa kayansa ba su kai naka saurin kamawa ba, ko ya yarda da babban kaso na asara da zai ɗauka da kansa kafin kamfani ya fara biya, abin da ake kira faranshiz, ko kuwa bai sa haƙƙin maƙwabta a ciki ba, wato diyyar da za a nema a wurinsa in wuta ta tashi daga wurinsa ta ci dukiyar wasu. In kuma haya kake yi a siton, akwai haƙƙin mai gida, domin dokar da ake bi a ɓangarenmu na masu Faransanci tana ɗora wa ɗan haya alhakin gobara sai in ya kawo hujjar da ta wanke shi. Amma abin da na fi zargi, don shi na fi gani, shi ne maƙwabcin naka ya rage ƙimar kayansa da gangan don kuɗin ya yi sauƙi.

A nan zan daɗe, domin babu abin da ya fi jawo kuka da gaba tsakanin 'yan kasuwa da kamfanonin inshora kamar wannan. Kamaru da Chadi suna cikin ƙasashe 14 da suka haɗu a ƙarƙashin CIMA, yarjejeniyar tsara harkar inshora da aka sanya wa hannu a Yawunde a 1992, wadda kundin dokokinta ya fara aiki a 1995, kuma wannan kundi ɗaya ne ake bi a Garwa da Marwa da Njamena da Mundu. Sashe na 35 na kundin ya ce in ranar da ɓarna ta auku aka tarar ƙimar kaya ta fi adadin da aka yi wa inshora, to ana ɗaukar mai kaya a matsayin wanda ya ɗauki nauyin ragowar da kansa, sai in an yi wata yarjejeniya ta daban. Ga yadda abin yake a aikace. Kayanka na miliyan 40 ne, ka ce a rubuta miliyan 20. Wuta ta tashi, aka yi sa'a aka kashe ta, ta ci na miliyan 10 kawai. Kai a zuciyarka kana cewa miliyan 10 bai kai miliyan 20 ba, saboda haka za a biya ka duka. Ba haka ba ne: rabin kayanka ka yi wa inshora, rabin asarar za a biya, wato miliyan 5, sannan a cire faranshiz. Na ga magidanci ya zauna a ƙasa da aka karanta masa wannan lissafi, kuma ba zan manta da fuskarsa ba. Haka nan ƙara ƙimar ba ta da amfani, domin sashe na 31 ya ce diyya ba za ta wuce darajar abin a lokacin da ya salwanta ba, ka ga ka biya kuɗin banza ke nan, in kuma aka gano da ha'inci ka ƙara, yarjejeniyar ma tana iya rushewa.

Matsalar ɗan kasuwa irinka ita ce kayan sito ba su tsayawa a adadi ɗaya. Gab da azumi sitonka yana cika maƙil da sukari da mai, bayan babbar salla yana iya komawa rabi. Mai tantance haɗari da ya san aikinsa zai tambaye ka wane wata ne kaya suka fi yawa, ya rubuta wancan adadin a matsayin iyaka, sannan ya ba ka tsarin da za ka riƙa bayyana abin da ke sito lokaci-lokaci, a daidaita kuɗin a ƙarshen shekara. Irin wannan tsari yana nan, sai dai ba a cika tallata shi ga ƙananan 'yan kasuwa ba, kuma ina ba ka shawara ka tambaye shi da bakinka. Sharaɗinsa shi ne ka riƙe littafin shige da ficen kaya da rasitan saye, ka kuma ajiye kwafinsu a gida ko a waya, domin littafin da ya ƙone tare da kayan ba zai yi maka shaida ba.

Tambayoyin da suka gundure ka su ma doka ce ta ba su nauyi. Sashe na 12 ya wajabta maka amsa su daidai, ya kuma wajabta maka sanar da kamfani cikin kwana 15 in wani sabon abu ya faru da ya ƙara haɗarin, kamar ka fara ajiye katifun soso ko ka ba mai walda haya a gefe. In aka gano ka ɓoye gaskiya da gangan, sashe na 18 ya ce yarjejeniyar ta ɓaci, ba diyya, kuɗin da ka biya kuma ya zama na kamfani. In kuskure ne ba da niyya ba, sashe na 19 ya ce a rage diyyar gwargwadon abin da ka biya a kan abin da ya kamata ka biya: ka biya 80,000 alhali da an san gaskiya 200,000 za a yanka maka, to kashi 2 cikin 5 na asarar za ka samu. Shi ya sa nake gaya wa duk wanda ya zo wurina cewa shari'ar diyya ba ranar gobara ake yin ta ba, an riga an yanke ta tun ranar da aka cika takardar tambayoyi. Kada ka bar wakili ya cika maka ita a bayan idonka don sauri, ka sa a karanta maka kowace amsa kafin ka sa hannu.

Ambaliya kuwa dabi'arta daban ce da ta gobara. Gobara takan ci sito ɗaya ko layi ɗaya, sauran masu inshora suna nan lafiya suna biya. Ruwa in ya zo unguwa guda yake ci a dare ɗaya, wani lokaci gari guda, kuma waɗanda ke neman a sa musu shi a yarjejeniya galibi su ne waɗanda suka san ruwa na zuwa musu. Kai shaida ne kan abin da kogin Binuwai ya yi a 2012, shekarar da aka saki ruwan madatsar Lagdo, kuma ka ji yadda kogunan Shari da Logon suka shiga unguwannin Njamena da Kusseri a 2022, da abin da ya sami Yagwa da yankuna da yawa na Chadi a 2024. Mai duba sito yakan kalli gindin katanga kafin ya kalli komai, domin ruwa yana barin zane a jikin bulo, kuma ko an yi fenti maƙwabta za su faɗa. In sitonka yana cikin kwari kusa da kogi, inda ruwa ke shiga duk bayan 'yan shekaru, to abin ya tashi daga haɗarin da ake tsoro ya koma abin da ake jira, kuma kuɗin da zai isa ɗaukarsa ba za ka yarda ka biya ba. In kuwa a tudu yake, ƙin da aka yi maka na iya zama na rashin sani, kuma kana da damar ka nemi a sake dubawa, ka nuna tsayin daɓen siton a kan titi, da magudanar ruwa, da katakon da kake ɗora buhuna a kai.

Dalilin da ya sa maganar take komawa Duwala shi ne kowane ma'aikaci yana da iyakar adadin da aka ba shi izinin sa hannu, kuma hedkwatar yawancin kamfanonin tana can. Akwai kuma abin da wakili a Garwa ba zai iya gani ba: mai tantance haɗari yana riƙe da lissafin duk dukiyar da kamfaninsa ya riga ya ɗauka a layinku. In yana da shago 30 a ƙarƙashin rufi ɗaya, a wurinsa haɗari ɗaya ne babba, kuma zai iya ƙin na 31 ko da ba shi da aibu. Tambayar da yake yi wa kansa kullum ita ce, in abu mafi muni ya auku a nan, nawa za mu biya, kuma muna da shi? Abin da ya fi ƙarfinsa sai ya raba, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: ko ya kira wasu kamfanoni kowa ya ɗauki kaso, ko ya miƙa wani ɓangare ga kamfanonin da ke yi wa kamfanonin inshora inshora, irin su CICA-RE da ke Lome, da Africa Re da aka kafa a Yawunde a 1976 mai hedkwata a Legas. Waɗannan su ma suna da sharuɗɗansu, kuma wani sa'in abin da aka hana ka daga wurinsu hanin ya fito. A sama da kowa akwai hukumar sa ido ta CIMA da ke Libreville, mai ikon janye lasisin kamfanin da ya kasa riƙe alƙawuransa, kuma a 2016 an ɗaga mafi ƙarancin jarin kamfanonin hannun jari na inshora daga sefa biliyan 1 zuwa biliyan 5, a cika shi mataki-mataki.

Ka kuma duba takardarka kan yaƙi da tarzoma. Sashe na 38 ya fitar da su daga nauyin kamfani sai in an rubuta su musamman an biya kuɗinsu. Wanda ya ga watan Fabrairun 2008, lokacin da aka gwabza a cikin Njamena aka wawushe dukiya, sannan a ƙarshen watan tarzoma ta ɓarke a Duwala, ya san wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, haka ma masu kaya a garuruwan kan iyaka na arewa mai nisa.

Inda nake ganin laifinmu, mu ma'aikatan wannan fanni, shi ne da yawa daga cikinmu ba su san arewa ba. Mutum ya yi karatu mai kyau, wataƙila a makarantar koyon inshora ta ƙasa da ƙasa da ke Yawunde, amma bai taɓa kwana a Marwa ba, bai san bambancin unguwar tudu da ta bakin mayo, wato kogi, ba, sai ya ga sunan gari kawai ya ƙara kuɗi ko ya ƙi. Wannan zalunci ne, kuma asara ce ga kamfanin kansa, domin yana korar mutanen da suka fi kowa tsare dukiyarsu. Laifi na biyu shi ne ana miƙa wa ɗan kasuwa shafuka masu yawa da Faransancin lauyoyi, ba wanda ya zauna ya fassara masa da Hausa ko Fulatanci, sai ranar ɓarna a buɗe masa shafin da bai taɓa sanin yana nan ba. Ni a ganina wanda ya yanke sharaɗi bai sauke nauyi ba sai ya tabbatar mai kaya ya fahimce shi. Kana da haƙƙin ka tambayi dalilin kowane ƙari, kana da haƙƙin ka kai takardunka wani kamfani ka gwada, kuma dillali mai lasisi zai iya yi maka wannan zagayen.

In zuciyarka tana da nauyi ta fuskar addini, ka tambayi malamanka, ka kuma tambaya ko akwai mai ba da takaful kusa da kai, wato inshorar taimakon juna ta Musulunci, tsarin da aka fara a Sudan a 1979, wanda CIMA ta yi wa ƙa'idoji a 2019. Sai dai ka sani ko a can akwai mai tantance haɗari, kuma tambayoyin nan dai zai yi maka, domin asusun taimakon juna ma yana buƙatar mai tsaron ƙofa.

Abin da za ka yi yanzu shi ne ka kira mai gyaran lantarki na ƙwarai ya sake wayoyin siton ya ba ka takarda, ka sauke buhuna su bar rufi da fitilu, ka bar hanya a tsakaninsu, ka rataye tukwanen kashe gobara a bakin ƙofa ka koya wa yaranka da maigadi yadda ake amfani da su, sannan ka rubuta wa kamfani ka nemi a dawo a duba. Ka faɗi ƙimar kayanka ta watan da suka fi yawa. Tunda banki ne ya nema, zai so a rubuta sunansa a yarjejeniyar don a fara biyansa bashinsa daga diyya, saboda haka in ka yi inshora daidai adadin bashin kawai, bankin ka tsare, jarinka yana waje. Kada kuma ka ɗauka inshorar ta soma aiki don wakili ya ce an gama magana: tun gyaran da aka yi wa sashe na 13 a 2011, inshora irin taka ba ta fara aiki sai an biya kuɗinta, don haka ka biya, ka karɓi rasit mai sunan kamfanin, ka duba ranar farawa da ranar ƙarewa. In ƙaddara ta auku, Allah ya kiyaye, ka sanar da kamfani a rubuce nan take, domin wa'adin da yawancin yarjejeniyoyi ke bayarwa kwana 5 ne na aiki, na sata kuwa awa 48, kuma kada ka kwashe toka da ragowar kaya kafin mai ƙiyasta ɓarna ya zo ya gani.